Masarar Metir Tanko

Wanda ya ɗauki hanyar Mirriya daga Zinder zai ga wani gidan sama a hannun dama, fentinsa ya koɗe, awaki na kwanciya a barandarsa. Gidan marigayi Tanko Nuhu ne, lauya, wanda kowa ke kira Metir. Yaran yanzu ba su san shi ba. Mu da muka zauna benci ɗaya da shi a lakwal ɗin mishan mun san shi tun yana zuwa aji ba takalmi.

Mahaifinsa, Baba Nuhu, ɗan dako ne a zamanin gyaɗa. Wata rana ana lodi a tasha, direba ya ja da baya bai duba ba, taya ta bi ta kan ƙafar Nuhu ta hagu. Aka yanke ta daga gwiwa. Kafin ya bar asibiti mai motar ya zo da dattawa da ƙwaryar goro, aka zazzauna, aka ce tsautsayi ne. Nuhu ya ce, "Na yafe." A ƙasarmu, Musulmi da Kirista, idan mutum ya faɗi wannan kalma gaban shaidu magana ta mutu. Wanda ya koma neman diyya, sai a ce ya sayar da jini. Bayan wannan ranar ba a sake ganin mai motar ba. Nuhu ya koma Gidimuni, inda yake da ɗan fili na gado a bakin tafki, ya zauna yana tufkar igiya. Mishan ta riƙe Tanko.

Tanko ya yi karatu a Yamai, ya wuce Dakar, ya dawo da baƙar rigar lauyoyi gab da farin da aka yi a 1973. Aiki ɗaya ya zaɓa, bai taɓa wani ba: shari'ar waɗanda mota ta kashe ko ta naƙasa. Dabararsa kuma ɗaya ce. Dole ya isa wurin masu rauni ko gidan makoki kafin goron mai mota ya isa. Yana da masu kai masa labari a asibiti da wajen jandarma. Saboda haka mutanen tasha suka sa masa suna Riga-goro.

Na taɓa jin sa yana lallashin wata mata ƴar Droum, Shatu, wadda kamyo, babbar motar kaya, ya kife da mijinta. Ya tsuguna a ƙasa da kwat ɗinsa.

"Inna, ban ce ki riƙe kowa a zuciya ba. Bakinki kawai nake so ki riƙe. Kuɗin nan ba daga aljihun Alhaji mai motar za su fito ba, na kamfanin asurans ne, don irin wannan ranar aka ajiye su."

Ta ce, "To me zan ce wa dangin mijina?"

"Ki ce musu su nuna miki wanda zai ɗauki yaran nan huɗu. In an samu, ni ma na yafe."

Ba a samu ba. Shatu ta ci shari'a, ƴaƴanta suka rayu, ɗaya ma ya zama malamin asibiti. Metir ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda yake yi wa kowa. Ina faɗin duka biyun domin duka biyun gaskiya ne.

Fari ya yi wa aikinsa taki. Mutanen karkara suka riƙa barin garuruwansu, suna hawa saman lodi da tabarmi da tukwane, sun nufi kudu. Motoci tsofaffi, hanya ta lalace, direbobi ba barci. Kowace kifewa tana kawo masa mutum goma, ashirin. A farin farko ya sayi mota. Kafin na biyu, na 1984, ya gina gidan saman nan, da ɗakin ajiya cike da gero har rufi. A majami'a shi ya sa kwanon rufi, amma bencin da yake zama ba ya cika.

A wannan shekara damina ta ƙi gaba ɗaya. Tafkin Gidimuni ya janye ya bar taɓo. Yayarsa Dibora, wadda ke riƙe da tsohon tun rasuwar mahaifiyarsu, ta aiko cewa anza suke ci, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki, kuma cikin Baba ba ya riƙe ta. Tanko ya cika mota da gero da shinkafa ya tafi.

Dibora ce ta ba ni labarin abin da ya faru. Tsohon yana zaune gindin dabino, sandarsa a gefe. Ya dubi buhunan.

"Metir, wannan ƙafar wa ce? Wancan babban fa, kan wa ne?"

"Baba, gero ne."

"Na ga gero ne. Ƙafa na rasa, ba ido ba."

"Da wani ya tsaya maka ranar nan, da ba ka ƙare a tufkar igiya ba."

"Igiyata ta taɓa hana ka barci? Ni na yafe, na tashi da zuciyata sakayau. Kai kana bin gidajen makoki kana toshe wa mutane baki, sannan ka yanki naka. Gafarar da muke roƙo kowace Lahadi fa? Ɗauke kayanka."

Bai hana jikokinsa ci ba. Ya ce yara ba su yi alkawari da kowa ba, su ci. Dibora ma ta ci. Amma shi aka ware masa tukunya, kuma yana lura. Tanko ya bi ta hannun fasto, a ce taimakon majami'a ne. Tsohon ya ce, "Fasto, dube ni ka sake faɗa." Fasto ya sunkuyar da kai. Jar dawar agaji takan iso jefi-jefi, ita yake ci, ita ma tana wuce masa kamar ruwa. Ƙafarsa ɗaya ta fara kumbura.

Sai Dibora ta ce wa ƙanenta, "Kai da ka iya magana gaban alƙali, ka kasa gane tsoho ɗaya? Ba ya ƙin ka. Kuɗinka yake ƙi. Ga filinsa can a bakin taɓo ba mai taɓawa."

Lokacin an shiga ɗari, kowa yana ƙoƙarin noman rani. Tanko ya rufe biro, wato ofishinsa, ya bar shari'u suna jira. Ya ajiye motarsa a Zinder ya hau ta haya. Tsohon ya kafa sharuɗɗansa kamar mai shari'a: ba ɗan ƙwadago, ba injin ruwa, ba takin kanti. Ya tambayi inda iri ya fito. Dibora ta nuna masa ƴan zangarnun masara da ta rataya a ɗaki tun bara waccan. Fartanya kuwa tasa ce ta dā.

Na je na gan shi sau ɗaya. Mutumin da ban taɓa gani ba kwat ba yana cikin rami har ƙugu, yana ɗebo ruwa da gwangwani. Tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma. Manoma suna wucewa suna cewa, "Metir, sannu da shari'a! Yau wa ya ci, kai ko taɓo?" Yana amsawa, "An ɗaga zama." An ɗauko tsohon an jingina shi da kututture, yana ta gyara masa.

"Ba haka ake riƙe ta ba. Duk Dakar ba a koya muku fartanya? Kunyar nan ta karkace kamar maganar lauya."

Ban taɓa ganin su biyun sun daɗe wuri ɗaya haka ba.

Masara ba ta san ana sauri ba. Ta tsiro, ta kai gwiwa, ta kai kafaɗa, tsohon yana ƙanƙancewa. Da ta yi goyo ya daina iya zama. Tanko bai jira ta nuna ba. Ya karyo ta tana ruwa-ruwa, Dibora ta daka ta tace, ta dama kunu mai tsinkewa. Shi ya tallafo kan uban.

Tsohon ya kama hannun da ke riƙe da ludayin, ya juya shi, ya shafa kantar da babban yatsa. Sannan ya buɗe baki. Ya sha kaɗan, ya huta, ya ƙara.

"Ka yi gaggawa," in ji shi. "Da ka bar ta ta ƙosa."

"Akwai saura a gona, Baba."

"To. A ajiye mini."

Bai kai ga sauran ba. Aka binne shi a Gidimuni cikin makon.

Metir ya koma tiribinal, gaban alƙalai. Waɗanda suka zaci zai bar aikin sun yi kuskure. Ya ci gaba da riga goro isa har ƙarfinsa ya ƙare, dukiyarsa ta ninka. Bai taɓa ce mini uban ya yi daidai ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba. Ƴaƴansa suna ƙasashen waje, shi ya sa gidan ya zama na awaki. Filin bakin tafki kuwa jikokin Dibora ke nomansa. Sun ce har shekarar da ya rasu, in ɗari ya shiga yakan zo a motar haya, ya karɓi fartanya, ya yi kunya biyu ko uku, karkatattu, ya wanke hannu ya koma.