Man Kaɗe a Idon Madubin Likita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa ɓata wa Madam Lariba aikinta ba. Ina ba da labarin ne domin ku da kuka shigo aikin kula da makaranta a bayana.

A lokacin ina aiki a wata ƙaramar sakandare a Bawku. Nawa shi ne shara, buɗe azuzuwa da riƙe makullin sito. Madam Lariba sabuwar malamar kimiyya ce. Kafin a tabbatar mata da aiki, sai sufeton makarantu ya zo ya zauna a ajinta, ya ga yadda take koyarwa, ya rubuta rahoto. Ya aiko cewa ranar Laraba zai zo.

Madam tana da ƙaramin madubin likita, wato na'urar da ake leƙa ƙananan abubuwa a gan su da girma. Nata ne na kanta, yayanta ya sayo mata, a gida take duba ganye da fiffiken ƙuda da shi don nishaɗi. Ranar Talata ta kawo shi a akwatinsa ta ce, "Baba Seidu, ka ajiye min wannan a sito. Ka kula da shi kamar idonka."

Damina ce, siton namu kuwa da laima. Ni tun tasowata maganin tsatsa ɗaya na sani. Duk ƙarfen da ke hannuna, kwaɗo ne ko fartanya ko adda, man kaɗe nake shafa masa. Na buɗe akwatin, na ga ƙarfe yana ƙyalli, na ce wannan ba zai yi tsatsa a hannuna ba. Akwai takarda a ciki, amma lokacin ban fara zuwa ajin manya na koyon karatu ba. Na shafe shi tas, har ɗan gilashin da ake ɗora ido, da na ƙasa, da madubin da ke tara haske.

Da safe Madam ta girka shi a kan tebur kusa da taga, ta juya madubin ya kalli haske, ta leƙa. Ta murɗa sama, ta murɗa ƙasa. Ta ce, "Hazo kawai nake gani." Sai ta shinshina yatsunta. "Wannan ƙamshin fa? Kamar ɗakin mai jego!"

Na so in yi shiru, amma na ga idonta ya ciko. Na ce, "Madam, ni ne. Man kaɗe na sa masa saboda tsatsa."

Hedimasta, Masta Abugri, yana tsaye a ƙofa. Ya riƙe ciki yana dariya. "Seidu, tuwo aka ba ka ajiya da za ka sa masa mai?"

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce saura rabin awa sufeto ya iso, kuma duk darasinta a kan wannan na'ura ta tsara shi. Ta aike ni ofis na ɗauko akwatin magani. Ta ciro wata takarda mai laushi daga akwatin madubin, ta ɗan jiƙa ta da sifirit, tana goge gilasan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Ni kuwa aka bar ni da ƙarfen ina gogewa da tsumma, zufa na zuba.

Saura abin da za a duba, wato siririn tantanin da ke cikin albasa. Ta yi ta ƙoƙarin ciro shi, sau uku yana yagewa. Na ce, "Madam, kawo. A gonar albasa aka haife ni." Na karya ɓari ɗaya, na ja fatar da farce, ta fito fes kamar yanar gizo. Ta shimfiɗa ta a kan gilashi, ta ɗiga ruwa da ɗan aidin, ta rufe da wani gilashi mai sirantaka. Ta fara da ƙaramin idon na'urar na ƙasa, ta sauke shi kusa, sannan tana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Can ta ce, "Baba, zo ka gani."

Na leƙa. Ɗakuna ne a jere kamar tubalin katanga, kowanne da ɗigo a ciki. Ina nan sunkuye muka ji babur ɗin sufeto.

Darasi ya yi kyau. Sufeto da kansa ya bi layin ɗalibai, ya daɗe yana leƙe, ya ɗago ya ce, "Tun ina yaro nake cin albasa, ban san da gini a cikinta ba." Kafin ƙarshen zango takardar tabbatar da aikin Madam ta fito.

Abin da na koya, a aikinmu kayan mutane muke riƙewa, kuma ba kowane kaya ne irin wanda muka saba ba. Mai son gyara yakan yi ɓarnar da malalaci bai yi ba. In an ba ka ajiyar abin da ba ka sani ba, ka tambayi mai shi yadda ake kula da shi. In kuwa ka riga ka ɓata, ka faɗa da wuri, tun da sauran rabin awa.