Na kai Inna ganin teku, ta ga alli

Inna ta tsaya a gindin dutsen nan fari fat, ta ƙi yin gaba. Ni kuwa na matsu ta juyo ta kalli teku, don abin da na ɗauko ta tun daga unguwarmu Catford ta gani ke nan.

Ƙarshen shekarun 1980 ne. Ta zo London ganin likita, ina ta lallashinta ta zauna wurina gaba ɗaya. Shi ya sa na kai ta wani bakin teku a Kent, inda gaɓa ta lanƙwashe kamar bakin ƙwarya, dogon dutse ya kewaye yashin. Ruwa ya janye, iska na kaɗawa.

Ko kallon ruwan ba ta yi ba. Ta tsinci gutsuren dutsen, ta murza.

"Kai, wannan ai alli ne."

"Alli ne, Inna. Duk dutsen."

"Mu sai mun ƙona ƙashi kafin mu sami na shafa wa yatsa mu murza mazari. Matan garin nan suna kaɗi?"

Na ce ba mai yi.

Ta ƙulle shi a bakin mayafi. "Ga alli har sama, ba mai kaɗi. To zaman me zan yi? Nemo mini jirgi."

Washegari na yi mata booking ɗin jirgin komawa gida.

Bayan rasuwarta ƙanwata ta tarar da allin a kwandon kaɗinta, saura kamar ƙwayar gyaɗa.

Ku fa, me kuka taɓa kai iyayenku gani, idonsu ya tsaya kan wani abu daban?