Littafin da Mai Ƙosai Ta Cinye Ƙarshensa

Har yau dangi cewa suke fari ne ya kore ni daga ƙauyenmu. Ba haka ba ne. Ni tun ana ruwa na gaji. Na gama kolej a Maradi na koma gida, sai daka, sai rijiya, sai daka kuma. Fari dai hujja ya ba ni.

Shekarun baya ke nan, zamanin soja, na zo Yamai wurin kawuna mai sayar da tsofaffin littattafai. A kasuwar Katako muke saro su buhu-buhu. Mai buhunan kuwa, in mai ƙosai ta zo neman takardar naɗi, daga bayan littafi yake yago mata. Shi ya sa kullum kawu ke cewa, "Ke, duba shafin ƙarshe kafin ki ɗauka." Ban taɓa dubawa ba, wa ke da wannan haƙurin? Lodawa nake a kura in tura, in ƙetare gada zuwa unguwar Lamorde wurin ɗalibai.

Lokacin ana kwasar mutanen ƙauye da yunwa ta koro, a zuba a kamiyo, babbar motar kaya, a mayar da su gida. Ni kuwa ko takardar shaida ba ni da ita. Wata safiya a bakin gada wani soja ya tare kurata, ga kamiyo can gefe cike da mutane. Na ce a raina shi ke nan, turmi ya kira ni.

"Ke ce mai littattafai?"

"Ni ce, shef."

Ya zaro wani littafin Faransanci da na sayar masa, ya buɗe bayansa. "Mako biyu ina fama. Matar nan ta sayar da awakinta ta shiga jirgin ruwa neman ƙanenta, sai takarda ta ƙare. Ta same shi ko ba ta same shi ba?"

Ni ma a yage na karanta shi. Na dubi kamiyo, na dubi soja.

"Ta same shi, shef. Yana sayar da kifi a bakin teku, ya yi tumbi, bai ma gane ta ba."

"Bai gane ta ba? Ɗan banza."

"Sai da ta kira shi da sunan da uwarsu ke kiransa."

Ya murza hanci. Can ya ce, "Wuce. Gobe ki kawo mini wani, cikakke."

Da na ba kawu labari, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "'Yar nan, soja kika shara wa ƙarya?" Na ce, "Kawu, gaskiyar ai mai ƙosai ta naɗe ta."

Ina tuna mutanen kamiyon nan har yanzu. Ba abin da na fi su sai baki da shekaru huɗu na kolej. Amma ban koma turmi ba, kuma ban taɓa kewarsa ba.

Ranar da yamma na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Na fara duba shafin ƙarshe kamar yadda kawu ke so, sai dai yagaggun nake zaɓa. Na yanke cewa duk littafin da ya zo ba ƙarshe, ni zan rubuta masa in liƙa.