Gunkin Wasanmu da Sunan Umma

Har yau idan aka ambaci ɗan Khala a gabana sai raina ya ɓaci. Khala ƙanwar Umma ce, ciki ɗaya. Ɗan nata kuwa sa'ana ne, tare muka yi rarrafe a gidan kakanmu a unguwar Al-Sih, nan Madina. Ba zan faɗi sunansa ba, bai kai ba.

Mu huɗu muke wasan, duk Asabar bayan azahar, ranar da nake hutu daga otal ɗin da nake aiki a tsakiyar gari. Ni, da shi, da wani tela ɗan Chadi, da wani malamin firamare. Mu baje a majalisin gidanmu, wato ɗakin baƙi, a rufe ƙofa, a kunna na'urar sanyi. Wasa ne na baki da takarda. Kowa ya ƙirƙiri jaruminsa ya rubuta, ni kuma in riƙe labarin, in ce, "Kun iso bakin kogo, me za ku yi?" Duk abin da mutum ya ce zai yi, sai a jefa zahar, 'yan ƙwayoyin nan masu lambobi, su ne za su nuna ko ya yi nasara ko ya sha ƙasa.

Tela ya ɗauki mayaƙi mai garkuwa. Malam ya ɗauki maharbi. Shi kuwa gogan naku ya ce boka zai zama, mai bauta wa mugun gunki, don ya ji an ce irin waɗannan su ne suka fi kowa ƙarfi a wasan. Na yi istigfari, na ce masa, "A Madina fa muke, ɗan'uwa." Ya ce ai labari ba ya daɗi sai da mugu. Na yarda, amma na kafa masa sharaɗi: a duniyar da ni na ƙirƙira, mugun gunki ba ya yin kyauta.

Na zauna na ƙago masa Gunkin Busasshiyar Rijiya, da baiwar da yake ba masu bauta masa, mataki mataki. A na farko, boka zai kalli doki ya gurgunce, amma sai ya hana mai ƙishi ruwa tukuna. A na biyu, zai taɓa mutum hannunsa ya shanye, farashinsa kuwa ya yi wa wanda ya ciyar da shi ƙarya. A na uku zai yi wa gawa tambaya uku ta amsa. Na ƙarshen shi ne babba: ya tashi matattu su yi masa yaƙi. Wannan ba ya samuwa sai ya ci amanar abokin tafiyarsa.

Ga inda na yi wautar da ba zan manta ba. Ni mutum ne mai son aiki ya yi kyau. Ban so in rubuta maganar gunki da harshen Alƙur'ani ba, sai na rubuta da Hausa. Ni kuwa ban taɓa koyon rubutun boko ba, da haruffan Larabci nake rubuta Hausa, yadda kakanmu yake rubuta wasiƙunsa. Na ja layi na yi gidaje huɗu tsaye huɗu kwance, kowane gida da lambar da zahar zai kawo. Kan magana da jar tawada, sauran da baƙa. Na zana rijiya da ido a cikinta. Don takardar ta yi kama da tsohuwa na jiƙa ta da shayi, na shanya a saman bene, na babbake gefenta da ashana. Muka yi ta yaba ta, mu huɗu, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da tsohuwar Bahaushiya za ta gani idan ta kalle ta.

Mun fi wata bakwai muna yi lafiya. Sai ya kai matakin ƙarshe, ya ce yana son rundunar matattu, amma ba zai ci amanar mayaƙin tela ba, don shi ke tare masa sara. Wato yana so ya ci zomo bai ci gudu ba. Na ce gunki ya yi fushi, ya ƙwace duk abin da ya ba shi, daga yau bokansa ko kaza ba zai gurgunta ba. Tela ya fashe da dariya. Shi kuwa ya watsar da zahar a kan darduma ya ce dama can ina jin haushinsa. Na tashi na je ɗauko shayi don a huce. Ashe kafin in dawo ya ɗauki hoton takardar da wayarsa.

Kafin magariba hoton ya shiga zauren dangi na waya. A ƙasa ya rubuta: "Ga abin da na gani a majalisin ɗan'uwanmu. Allah ya tsare mu."

Umma ce ta shigo mini da waya a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Wasa ne, Umma."

"Wasa da hatimi?"

Sai a lokacin na kalli takardar da idonta. Gidaje, lambobi, jar tawada, ajami, ƙonannen gefe. Wallahi ko ni aka nuna wa a ɗakin wani, abin da zan ce ke nan. Kawu, yayan su Umma, ya bugo waya daga unguwar Jurf ya ce in ƙona ta tun maganar ba ta kai kunnen hukuma ba, don sihiri a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Na ƙona ta a gaban Umma a cikin tasa. Amma hoto ba ya ƙonewa, ya riga ya fita daga dangi ya shiga wayoyin matan unguwa. Dama can a garin nan akwai masu yi wa irinmu kallon masu asiri, sai ga shi na miƙa musu hujja da hannuna.

Ni ban damu da kaina ba, in sun ga dama su kira ni sarkin bokaye. Umma ce abin ya faɗa wa. Shekara talatin, duk gidan Bahaushe da aka haihu a Al-Sih ita ake fara kira. Ita ke yi wa jariri wankan farko, ita ke dama wa mai jego kunun kanwa, ita ke koya wa sabuwar uwa yadda ake riƙe ɗa. Ba ta karɓar komai. Sunanta ke nan a unguwa, ba ta da wani abin da ya fi shi.

Bayan kwana tara 'yar maƙwabtanmu ta haihu. Umma ta jiƙa gero tun da safe, ta sa abayarta, ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana jira. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Wa zai bar uwar mai sihiri ta taɓa masa jinjiri? Na ga lokacin da ta tashi ta cire abayar, ta ninke ta a hankali, ta zubar da geron. A nan na rantse sai na rama.

Na fara da lalama. Na kira shi na ce, "Ka fito ka gaya wa mutane gaskiya. Ka san wasa ne, kai ne ma bokan."

Ya ce, "Ni abin da na gani na tura. Na ce kai ka yi wani abu? Khalas, shi ke nan, ɗan'uwa, ka bar maganar ta mutu."

Na nemi tela ya yi mini shaida, ya ce shi baƙo ne, takardar zamansa yake lallaɓawa. Malam ya ce aikinsa da 'ya'yan mutane ne, kada sunansa ya fito. Ban ga laifinsu ba sosai.

Amma mugu shi ya san makwancin mugu. A cikin akwatin wasan akwai takardar jaruminsa. Duk lokacin da bokansa ya hau mataki nakan sa shi ya rubuta rantsuwa ga gunkin a bayanta, shi kuma da son burga sai ya yi ta ƙawata ta. Da Larabci ya rubuta, da hannunsa: "Na hana mai ƙishi ruwa dominka, ka ba ni ido mai karya doki." Ya sa cikakken sunansa na gaskiya, har da dangwala babban yatsa da jar tawadata.

Na ajiye ta mako uku ina jira. Duk Juma'a dangi kan ci abincin rana a gidan Kawu a Jurf, kuma na ji cewa a Juma'a ta uku za a gayyato mahaifin yarinyar da yake nema da yayyenta. Da gangan na zaɓi ranar, kada wani ya ce tsautsayi ne. Na bari aka cinye shinkafa, aka wanke hannu, yana zaune yana ta sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Sannan na ajiye takardar a gaban Kawu.

"Kawu, a duba mini wannan. Ko an san hannun?"

Kawu ya sa tabarau ya karanta a fili, har ƙarshe, har sunan. Gogan ya ce da ƙaramar murya, "Wasa ne, Kawu."

Na ce, "Ɗaga murya, baƙinka ba su ji ba. Naka wasa ne, nawa fa?"

Ya ce duk wasa ne, nawa da nasa, haushi ne ya sa shi ya tura hoton. Mahaifin yarinyar ya miƙe ko shayi bai tsaya sha ba, 'ya'yansa suka bi shi. Maganar auren ba ta sake tashi ba. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, a mota ma waƙa nake yi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka na yi ta faɗa wa sitiyari.

Umma ba ta je Jurf ba ranar, tun da abin ya faru ta daina shiga taro. Na same ta a falo, labari ya riga ni isowa. Na tsaya ina jiran ta sa mini albarka.

Ta ce, "Ka gama?"

"Na wanke ki, Umma. A gaban kowa ya faɗa."

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Duk makonnin nan da nake zaune a kan takardata, Khala tana bin gidajen Al-Sih ɗaya bayan ɗaya da ciwon gwiwarta, tana hawa bene, tana rantse wa mata cewa ɗanta ne ya yi sharri, yayarta ba ta san komai ba. Ta hana Umma ta gaya mini don kada in ɓata mata aiki da zafin kaina. Gida biyu sun riga sun sauko. Matar bene na biyu a gininmu, mai cikin wata takwas, har ta ce in ta sauka Umma za a kira.

"Yanzu wani ya ɗauki hoton tasa takardar, ta shiga wayoyi," in ji Umma. "Da suna cewa ɗa ɗaya ne ya lalace. Yanzu cewa suke a jininmu yake. Khalarka kuma ta bugo, ta ce ta bi gari tana tona wa ɗanta asiri domina, ni kuma na saki nawa ya yanka shi a gaban surukai."

Na ce zan je in ba Khala haƙuri, amma shi ba zan taɓa ba shi ba. Umma ta ce in zauna, ai na riga na yi abin da zan yi.

Khala ba ta sake taka gidanmu ba. Shi kuma ko a masallaci muka haɗu sai in sauya sahu, kuma ban ga ranar da zan daina ba. Matar bene na biyu ta haihu wata Talata da hantsi. Muna karin kumallo muka ji guɗa ta sauko ta matakala, da takun mata suna hawa, suna wuce ƙofarmu, ba wadda ta ƙwanƙwasa. Umma ta ajiye kofinta, ta tashi ta rufe taga, ta tambaye ni ko zan ƙara shayi.