Na Zaɓa Wa Taubashina Kwamfutar Da Na San Ba Za Ta Yi Ba

A wancan lokacin ina shekara ta biyu a sashen zanen gine-gine, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na Birni na taɓa wuce bak, jarrabawar gama sakandare. Na saba a nuna ni. In baƙi sun zo, Baba kan sa in kawo takardun zanena, ya shimfiɗa su kan tabarma yana bayani kamar shi ya zana, alhali bai san ƙofa da taga ba a jikin takardar. Sai ga taubashina, ɗan gwaggona daga Tirmini, wanda ya zauna hannun Baba tun yana lise, wato babbar sakandare, ya ci bak da makin da ni ban ko kusanta ba, aka kuma ɗauke shi a sashenmu. Daga ranar bakin Baba ya koma kansa. Na yi masa murna a gaban mutane, amma wallahi cikina baƙi ƙirin yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar kwamfuta. Tawa tsohuwa ce, ta hannu, da an ɗauke wuta sai ta mutu. Sau biyu ina roƙon Baba ya canja mini, yana cewa in bari sai kaka. Amma da gwaggo ta sayar da gyaɗarta da awakinta ta aiko, Baba bai jira kaka ba, ya cika ragowar a take. Ya kira ni ya ce tunda ni na san kan ordinatar, wato kwamfuta, in raka ɗan'uwana in zaɓa masa mai nagarta, amana ce ya ba ni.

Muka je shagon wani Bakano kusa da kasuwar Dole. Ya fito mana da guda biyu. Ɗaya baƙa ce, mai kauri da nauyi, fankarta na huci. Ɗayar siririya, fara tas, tana ɗaukar ido. Mutumin bai ɓoye mana komai ba, ya ce baƙar ita masu zanen gidaje ke saye, farar kuwa ta rubutu ce da kallon fim. Ni ma na sani, don tun makon farko malaminmu ya gaya mana irin ƙarfin da za mu nema. Na kalli baƙar nan, na ga ita ce nake mafarki shekara guda, na tuna a ɗakinmu za a ajiye ta ina gani, ba tawa ba. Taubashina ya juyo yana jiran bakina. Sai na fashe da dariya, na ce dama baƙauye in bai sungumi dutsen niƙa ba hankalinsa ba ya kwanciya, ya ɗauki farar ita ce ta zamani. Mai shagon ya sake tambaya ko na tabbata. Na ce masa ya bar mu, mu ne ke cikin ajin ba shi ba. Taubashina ya rungume farar yana ta sa mini albarka har gida.

Shekarar farko ba a ga komai ba, don yawancin aikin da fensir ne, kuma a nan babu mai kama ƙafarsa. Da aka shiga zana gini a kwamfuta, a juya shi ta kowane gefe, sai abin ya fito. Da ya ɗora hawa na biyu sai ta tsaya cak. Da bazara kuwa ta yi zafi ta mutu, aikin yini guda ya tafi. Na sha ganinsa ya ɗora ta kan murfin randa yana yi mata fifita da kwali. In ya tambaye ni, sai in ce hannunsa ne, na'urar ta gane ɗan Tirmini ne shi ya sa take yi masa gardama. Mutanen gida su yi dariya, shi ma ya yi, don tsakanin taubasai ba a fushi da wasa. A cikin wasan nan na ɓoye muguntata, babu wanda ya hango ta. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya je ya ce wa Kawunsa abin da aka saya masa ba ya aiki ba. Lokacin ni na samu mai ƙarfi a wurin da nake staj, wato koyon aiki. Sau ɗaya tak ya roƙi aro, na ce ina da aiki a ciki.

Babban aikin ƙarshen shekara bai kammala ba. Ya maimaita, ya sake faɗuwa a darasin, aka yanke masa bursu, kuɗin tallafin karatu. Ranar da zai koma Tirmini na raka shi tasha, ina jiran ya zarge ni, har na shirya amsa. Sai ya miƙo mini kwamfutar a cikin jakarta, ya ce in riƙe, a hannuna za ta yi amfani. Ya ce ya gane kansa ne bai kai ba, karatun nan ba na irinsu ba ne, in yafe masa kunyar da ya ba ni a gaban malamai bayan duk wahalar da na yi a kansa. Na karɓa, na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Mota ta tashi, na koma gida da kwamfutar.

Yau ina da ofishina, ana kirana injiniya. Shi yana noma, da rani yana bin magina. Kwanan baya na ga wani masallacin ƙauye da ya zana da biro a bayan kwali, na san ko a yanzu ya fi ni ido. Na koyi cewa hassada ba lallai ta sa ka yi ƙarya babba ba, ya isa ka san gaskiya ka mayar da ita raha. Iyaye, in za ku saya wa ɗanku kayan karatu, ku tambayi malaminsa, kada ku dogara da bakin mutum ɗaya ko da ɗan cikinku ne. Kai kuma da aka ba amanar zaɓi, in ka ji zuciyarka ba ta so ɗan'uwanka ya fi ka, ka ce ba ka sani ba, ya fi maka sauƙi. Na raba shi da karatu, wannan ana iya cewa ƙaddara ce. Amma ni na sa ya yarda cewa shi daƙiƙi ne, kuma har gobe ya yarda.