Ƙarfen da Ya Hana Yaya Zama

Yayana direban tirela ne. Wata shekara da kaka ya ɗauko naɗaɗɗen ƙarfe daga kudu zai kai Kano, ya tsaya a Funtuwa don ya gaida Inna. Naɗi biyu ne a bayan motar, kowanne ya fi ni tsayi. An zura sarƙoƙi ta ramin tsakiyarsu an ɗaure, an tokare su da katako gaba da baya.

Inna ta kawo masa tuwon masara, amma loma kaɗan ya yi ya miƙe. Na bi shi bakin titi. Ya daddaki kowace sarƙa yana sauraren ƙararta, ya ƙara tamke wadda ta saki, ya duƙa ya leƙa katakon. Muka dawo gida, ya zauna, can kuma ya sake tashi.

"Wai kayan nan ƙafa gare su?" in ji Inna.

"Gara mai ƙafa, Inna. Buhu in ya kwance, gefe yake faɗawa. Wannan in na taka birki, kaina zai gangaro."

Sai a bakin mota ya gaya mini cewa a hanya ya wuce wata tirela da sarƙarta ta tsinke, naɗin ya murƙushe kan motar. Ya san direban, sun sha kwana tasha ɗaya.

Ya ce gara ya wuce ramukan hanyar Malumfashi da sauran rana, ya hau ya tafi. Ina da aiki a gona ranar, amma na kasa taɓuka komai. Waya nake ta dubawa har ya kira daga Kano.