Kawu da Hotunan Tsingaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu ya zo roƙa mini izinin ci gaba da karatu ba. Da na dawo daga makaranta, abin da na fara gani a ƙofar zaurenmu na Zagga shi ne takalmansa, duk sun goge kamar na mai kiwo. Na san Baba ma ya gan su, zai ce ga abin da boko ke saya wa mutum.

Kawu ƙanin Inna ne, farfesa, masanin tarihin mutanen da suka rayu a gaɓar Bahar Rum tun zamanin da. Baba ya riga ya ce ƙaramar sakandare ta ishe ni, shi ne Inna ta kira ƙaninta ya zo ya nuna masa amfanin boko.

Na kai musu ruwa, na laɓe bayan asabari. Maimakon ya yi maganata, sai Kawu ya buɗe kwamfuta. Ya ba da labarin digirinsa na uku, da ramukan da ya haƙa a wani tsibiri, da yadda ake share ƙasa da ɗan buroshi. Sannan ya shiga nuna hotunan fasassun tukwane, idonsa har ƙyalli yake yi.

Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, duk wannan karatu, tsingaro ka samo?"

"Wannan ya girmi garin nan nesa ba kusa ba, Yaya."

"To ina shi?"

"Ai ba a bari a fita da shi. Hoto kawai."

"Ashe ko tsingaron ma ba su ba ka ba. Ka zaga bayan gida, akwai tuli, kyauta."

Kawu ya yi dariya, ya ci gaba. Har aka kira la'asar bai ambaci sunana ba. Ni kuwa kamar in fashe don haushi.

Na yi karatun daga baya, amma sai da na buɗe bakina. Ranar na gane cewa mai ƙaunarka ma yakan manta abin da ya kawo shi, in kai mai bukatar ka yi shiru.

Kawu na sa takalmansa zai tafi sallar la'asar ɗin, sai na tare shi, na ce, "Kawu, don Allah in kun dawo daga masallaci ka rufe kwamfutar nan, ka yi wa Baba maganata."